Filin Likitan Dabbobi: Muzuruna Ya Iya Buɗe Ƙofa

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan shanu ne da tumaki da kaji, haka kuwa ya kamata a ƙasar kiwo irin tamu. Wannan watan na ware shi ga kyanwa, domin wasiƙu uku sun taru a kanta, kuma duk ukun kukansu ya zo kusa da juna: an ce a tsare ta har ta warke, ita kuma ta ƙi tsaruwa.

TAMBAYA, daga wata uwar gida a unguwar Yelwa, Garwa:

Likita, barka da aiki. Muna da muzuru mai suna Toka, shekararsa 3 a gidanmu, tun zuwansa ɓera bai sake taɓa mana buhun masara ba. Makon jiya tsohon kwanon rufi ya yanke shi a cinya. Muka kai shi wurin likitan dabbobi, aka yi masa ɗinki, aka ba mu ƙwayoyi safe da yamma, aka ce kada ya fita har kwana 14. To likita, dabbar nan ta fi ƙarfinmu. Tsalle yake yi ya rataye a hannun ƙofa har ta buɗe. Da muka fara sa makulli sai ya riƙa laɓewa a bayan ƙofa, yaro na shigowa ya bi ta tsakanin ƙafafunsa. Shekaranjiya a waje ya kwana, ya dawo zare ɗaya ya fita. Ga kuka dare da rana. Surukata ta ce mu ji tsoron Allah mu sake shi, domin an yi matar da ta shiga wuta saboda kulle kyanwa. Ni kuma ga shi ina gani yana ci yana tsalle kamar ya warke. In sake shi?

AMSA:

Hajiya, kada ki sake shi. Kafin komai ma, tunda zare ya fita, ki mayar da shi wurin wanda ya yi ɗinkin yau ko gobe da safe. Shi zai duba ya ga ko bakin ciwon ya buɗe, ko ƙasa ta shiga, ko zaren da suka rage za su riƙe.

Tsallen da kike gani shi ne ke ruɗin mutane da yawa. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo, haka aka halicce ta, domin a daji duk wanda ya nuna rauni shi ake fara ci. Zafin yanka yakan lafa cikin kwana biyu ko uku, amma fata ba ta gama haɗewa sai bayan kwana 10 zuwa 14, shi ya sa ake jira har lokacin kafin a cire zare. A cinya kuwa abin ya fi wuya, domin da ƙafafun baya yake tunkuɗa jikinsa, kuma muzuru lafiyayye yana iya tsallen da ya ninka tsayinsa sau biyar. Duk hawan katanga ɗaya jan ɗinki ne. Ki tuna yaron da aka yi wa kaciya: kwana kaɗan zai ce ya warke, a bar shi ya je ƙwallo, amma babu uwar da za ta yarda da maganarsa. A waje kuma akwai abin da ya fi tsalle muni. Akwai ƙuda da ke yin ƙwai a buɗaɗɗen miki har ya yi tsutsa, musamman a zafin nan namu. Akwai ruwan kwata. Akwai sauran muzurai, waɗanda haƙoransu ke cusa ƙwayoyin cuta a ƙarƙashin fata, bayan 'yan kwanaki wurin ya kumbura ya tara mugunya. Sannan duk daren da ya kwana a waje, ƙwayar yamma da ta safe sun wuce shi, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba ya son tsallake.

Maganar Inna, surukarki, ba abin wasa ba ce, kuma na ji daɗi da akwai mai tuna ta a gidanku. Hadisi ne ingantacce, yana cikin Bukhari da Muslim. Sai dai a karanta mata shi har ƙarshe: matar ta kulle kyanwar, ba ta ba ta abinci ba, ba ta ba ta ruwa ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abin da za ta ci a ƙasa ba, har ta mutu. Fatawa ta malamai ce, ku tambayi limamin unguwa ku ji daga bakinsa. Abin da zan ce a matsayina na mai duba dabba shi ne, hadisin nan ya ɗora muku nauyi babba. Daga ranar da kuka rufe ƙofa a kan Toka, cinsa da shansa da inuwarsa da wurin bayan gidansa duk sun dawo wuyanku. Shawarata, ki roƙi Inna ta karɓi aikin ba shi abinci da hannunta. In ta ga tasa ba ta rabo da abinci, ruwa ba ya yankewa, hankalinta zai kwanta, ke ma kin samu mai sa ido wanda yara ke jin tsoro.

Yanzu ga maganar wayonsa. Muzurun da ya koyi buɗe ƙofa da kallo ya koya. Ya ga hannunku yana danna ƙarfen, ƙofa na buɗewa, ya gwada, ya dace, kuma ba zai manta ba. Duka ba ya cire wannan ilimi, sai dai ya sa ya riƙa gudunki, alhali kina bukatar kama shi sau biyu a rana. Abin yi shi ne a gyara ɗakin. Ki sa kafinta ya kafa sakata ta waje, aikin minti kaɗan ne. In ba hali, a kwance hannun ƙofar a mayar da shi yana kallon sama, sai ya rasa abin ratayawa. Bayan haka ki durƙusa ki dubi ɗakin daga ƙasa, sannan ki ɗaga kai ki dubi sama. Ƙashin da ke tsakanin kafaɗar kyanwa da ƙirjinta ba a manne yake kamar namu ba, saboda haka duk kafar da kanta ya shiga, yawanci jikinta ma zai bi. Ki duba ƙarƙashin ƙofa, da rariyar da ruwa ke fita, da tagar nan mai gilasai jere-jere in ɗaya ya fashe, da silin da ya huje. Wurin da aka fi mantawa a gidajenmu shi ne tazarar da ke tsakanin kan bango da kwanon rufi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuma Toka wurin fita. A toshe da bulo ko katako ko ragar waya. Ragar sauro ta roba ba ta tsayar da farcen kyanwa, kada ki dogara da ita. Ki fitar da duk abin da zai taka ya hau sama, kamar tarin buhuna ko akwatuna kusa da taga.

Laɓewar bayan ƙofa maganinta ƙofa biyu. Ki zaɓi ɗakin ciki wanda sai an bi ta falo, a rufe ƙofar falo kafin a buɗe tasa, in ya kufce ya tsaya a falo. In gidan ba shi da irin wannan ɗaki, mai shiga ya riƙe faffaɗan kwali a gaban ƙafafunsa, ko ya jefa ɗan guntun kifi can ƙuryar ɗaki kafin ya shiga. Makulli kuma ya zauna a hannun mutum ɗaya. Gidan da yara shida ke shiga ganin kyanwa, ba za ta kwana biyu a ciki ba.

Abu ɗaya nake roƙon ki da babbar murya: kada a ɗaure shi da igiya a wuya. Kyanwa ba akuya ba ce. Za ta yi ta juyi har igiya ta shaƙe ta, ko ta haura wani abu ta faɗa ɗaya gefen ta rataye. In ɗaki ya gagara, a nemi babban keji na waya irin na kaji, wanda zai iya miƙewa tsaye ya juya a ciki, ya ɗauki tasar ruwa da bahon yashi, a wanke shi tas, a ajiye a inuwa.

Zafi shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Mu da ke Garwa mun san yadda Maris da Afrilu suke, zafi na haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin kuwa da azahar ba ya zaunuwa. Muzurun da ke sake yakan nemi gindin randa ko ƙarƙashin bishiyar darbejiya ya kwanta, wanda aka kulle ba shi da wannan zaɓi. Kyanwa ba ta gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Ki ba shi ɗakin da ya fi kowanne sanyi, mai daɓen siminti ko tayil, iska na ratsawa ta taga mai waya. Ruwa a wuri biyu, a kasko ya fi sanyi, a sauya safe da yamma. Ki shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a gefe ɗaya, in ya so ya hau. In kika ga ya buɗe baki yana haki kamar kare, yawu na zuba, to ya shiga haɗari. Ki shafe shi da ruwan randa, ban da ruwan ƙanƙara, ki garzaya da shi wurin likita.

Mutane da yawa ɗakin ajiya suke zaɓa, kuma a nan ne ake ɓoye maganin ɓera da takin zamani da maganin feshin auduga da na kaskar shanu. A kwashe su duka. Kada a kunna maganin sauro ko a fesa shi a rufe ɗaki yana ciki.

Bayan gida kuma, muzurun da ya saba tona ƙasa a waje yana bukatar baho mai faɗi da busasshen yashi, nesa da abincinsa. In ya ƙi shiga, ki ɗebo 'yar ƙasa daga inda ya saba yi a tsakar gida ki barbaɗa a kai, warin zai nuna masa. In yashi na manne wa ɗinkin, ki sauya da yagaggun takardu na 'yan kwanaki. A kwashe kullum, a wanke hannu da sabulu, kuma mai ciki kada ta yi wannan aikin, domin kashin kyanwa na iya ɗaukar wata ƙwayar cuta da ke taɓa ɗan tayi. Ki riƙa lura da bahon nan sosai. Muzurun da ke yawan tsugunawa yana yunƙuri fitsari ba ya fita, mafitsararsa ta toshe ke nan, kuma hakan na kisa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ba a kwana da shi a gida. Haka nan in ya ƙi abinci sam har kwana biyu, a koma wurin likita, domin hantar kyanwa ba ta jure yunwa.

Zaren da ya fita, ina kyautata zaton da bakinsa ya cire. Harshen kyanwa kaushi gare shi, lasa kaɗan ke warware ɗinki. Ki tambayi likita abin wuya mai kama da mazurari wanda ke hana baki kaiwa ga ciwo. In babu, ana yankawa daga roba mai laushi ko kwali mai ƙwari, a naɗe gefen da tsumma, a bar sararin yatsa biyu tsakaninsa da wuya. Kwana ɗaya ko biyu zai yi yana karo da bango yana ja da baya, daga nan ya saba. Ki ɗan ɗaga masa tasa don ya iya ci.

Kukan fa? Zai yi. Amma ki lura, dabbar da ta gane hannun ƙofa za ta gane cewa kuka ma na buɗe ƙofa. In yana yi kika shiga, gobe zai ƙara. Ki jira ya yi shiru ko na ɗan lokaci ne, sannan ki buɗe. Ki sa masa kwali da tsohon zanenki a ciki ya samu maɓoya, kyanwa na samun natsuwa a matsattsen wuri mai warin gida. Ki raba abincinsa kashi-kashi, mafi yawa da magariba, domin da magariba da asuba ne jinin farauta ke motsa masa. In da mai zama, ya shimfiɗa tabarma ya zauna da shi, yana shafa shi, yana ja masa ɗan zare a ƙasa ba tare da sa shi tsalle ba, ya kuma tafi da zaren in zai fita don kada ya haɗiye. Ranar da za a cire ɗinki, ki yi wa likita maganar fiɗiya. Muzurun da aka fiɗiye yawonsa da faɗansa na raguwa ƙwarai, kamun ɓera kuwa yana nan yadda yake.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Ngaundare:

Baba likita, magena tana mura, an rubuta mata ƙwaya. Da ta ji motsin ledar magani sai ta shige ƙarƙashin gado. In na samu na tura mata, sai ta riƙe a baki, in na juya ta tofar. Jiya ta cije ni a yatsa. Wani abokina ya ce in jiƙa mata rabin farasitamol a madara. Ya zan yi?

AMSA:

Ɗana, ka gode wa Allah da ka tambaya kafin ka bi shawarar abokinka. Farasitamol guba ce ga kyanwa. Hantarta ba ta da abin da ke narkar da shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe ta, rabi ma na iya yi. Dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Ibufurofen ma guba ne gare ta. Madarar ma yawancin manyan kyanwoyi zawo take sa su.

Ɓoyewar da take yi, ta haɗa ƙarar leda da abin da ke biyo baya. Ka ɓare ƙwayar a wani ɗaki, ka shigo da ita a tafin hannu, ka zauna ka shafa ta tukuna. Sai ka naɗe ta da tawul har wuya, ƙafafu huɗu a ciki, ka dafa kanta daga sama ka ɗaga hancinta ya kalli rufi, baki zai saki da kansa. Ka ajiye ƙwayar can ƙarshen harshe, ka rufe bakin, ka shafa maƙogwaro. In ta lashi hancinta, ta haɗiye. Ka bi da ɗan ruwa ta gefen baki da sirinji marar allura, domin wasu ƙwayoyin, irin su doksisaikilin, in suka maƙale a hanyar abinci suna ƙona ta. Daga nan ka ba ta abin da ta fi so. Kada ka wahalar da kanka da zuma ko sukari, harshen kyanwa ba ya jin zaƙi. Man kifin gwangwani ya fi ɓoye ɗaci, amma ka tambayi likita ko ƙwayar irin wadda ake dakawa ce. Mai mura ba ta jin ƙamshi, shi ya sa take ƙin ci, sai ka ɗan ɗumama abincin, ka goge mata hanci da jiƙaƙƙen tsumma. Kana garin da ke da makarantar koyon likitancin dabbobi ta jami'ar Ngaundare, ba za ka rasa wanda zai nuna maka riƙon nan da hannu ba.

Cizon kuma kada ka raina shi. Ka wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka je asibiti yau. Haƙorin kyanwa siriri ne, yana shiga da nisa, yatsa kan kumbura cikin kwana ɗaya. Ka gaya musu ko an taɓa yi mata allurar haukan kare. Cutar na kama kyanwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, magani ya ƙare. A Njamena an yi gangamin allurar karnuka a 2012 da 2013, aka yi wa fiye da kashi 70 cikin 100, cutar ta ragu ƙwarai a birnin, amma kyanwar gida sai mai ita ya kai ta da kansa. Ka ci gaba da tsare taka a ɗaki, a sa mata ido aƙalla kwana 10, kuma kai kada ka jira cikar kwanakin kafin ka ga ma'aikacin lafiya.

TAMBAYA, daga wani mai sayar da bandar kifi a Bongor, Chadi:

Likita, wani farin abu kamar zare ya fito a ƙafar kyanwarmu. Maƙwabta sun ce kurkunu ne, wai sai an tsare ta. Ashe dabba ma na yin kurkunu?

AMSA:

Alhaji, tana yi, kuma maƙwabtanka sun yi maka gaskiya. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke kamuwa da kurkunu a shekara. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya, 9 daga ciki a Chadi. Abin da ya hana cutar ƙarewa shi ne tun 2012 ake ganinta a jikin karnuka a garuruwan bakin kogin Shari, daga baya har da kyanwoyi, kuma ta ɓulla a dabbobi a ƙetaren Logon ta ɓangaren Kamaru, wajen Gere.

Tsarewar taka ta bambanta da ta masu wasiƙun sama, domin a nan jama'ar gari ake karewa. Tsutsar kan yi wata 10 zuwa 14 a jiki kafin ta huda fata, tsawonta na iya kai mita ɗaya. Da ƙafar ta taɓa ruwa sai ta zubar da dubban 'ya'ya, ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su, wanda ya sha ruwan ya ɗauka. Kyanwa ɗaya da ta taka bakin tafki ta isa ta jawo wa unguwa ciwon baɗi. Babu ƙwaya, babu allura, sai naɗe tsutsar a hankali kullum har ta fita, kuma wannan aikin ma'aikatan shirin yaƙi da kurkunu ne. Ka sanar da su ko asibiti mafi kusa yau ɗin nan. Kada ka ja da kanka, in ta tsinke a ciki ƙafar za ta kumbura ta ruɓe.

Ka sa ta a keji ko ɗaki mai sakata har ma'aikatan su ce ta fita, ko da abin ya ɗauki makonni. Ruwan shanta a ƙaramar tasa, ragowar da ruwan wankin kejin a zubar a busasshiyar ƙasa nesa da rijiya da tafki. Sana'arka ma ta shigo ciki, domin masu bincike na danganta kamuwar dabbobi da cin ɗanyen kayan cikin kifi da ƙananan kifaye da kwaɗi. In an fede kifi a gidanka, a tona rami mai zurfi a binne hanjin ko a ƙone shi, abin da za a ba kyanwa da kare kuma a dafa shi ya nuna tukuna.